Kimiyya da Ƙagaggun Labarai: Tagwaye, Karta da Tafiya Cikin Taurari

Muryar da ke fitowa daga akwatin rediyo, ko a Kumasi mai akwatin yake zaune, ko a Kartum, ko a Jidda, takan iso kunnensa kusan a lokacin da mai magana ya buɗe baki. Dalili kuwa shi ne saƙon rediyo gudunsa ɗaya da na haske, watau mil 186,000 cikin sakan guda, ko kuwa a ce kilomita 300,000. Abin da ke irin wannan gudu ya iya kewaye duniya sau bakwai da ɗoriya kafin sakan ɗaya ya cika, saboda haka a bayan ƙasa ba mai lura da cewa saƙon yana ɓata lokaci a hanya.

Amma da an bar duniya sai zance ya sake. Daga nan zuwa wata, saƙo yakan yi sakan ɗaya da kwata. Zuwa duniyar Mars yakan yi daga minti 3 har zuwa minti 22, gwargwadon inda take cikin kewayenta. Kumbon nan Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, ya yi nisan da a 2024 sai saƙo ya yi fiye da awa 22 kafin ya cim masa. Tauraron da ya fi kowane kusa da rana kuwa, haskensa sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso. In da wani zai tsaya can ya yi sallama, na gida su amsa nan take, sai bayan shekara takwas da wani abu amsar za ta shiga kunnensa.

Wannan nisa shi ne babban cikas ga marubutan da ke tsara irin littattafan nan da ake kira ƙagaggun labaran kimiyya, watau tatsuniyoyin zamani waɗanda akan gina bisa ilmin masana, a ƙara musu abin da bai faru ba tukuna. Marubuci ya aika da yaro cikin taurari, to, ta yaya yaron zai ji labarin gida? Wani Ba'amurke, Robert Heinlein, tsohon hafsan sojan ruwa wanda ciwon tarin fuka ya raba da aikin soja, ya ba da tasa amsa cikin littafin da ya rubuta domin samari a 1956, mai suna Time for the Stars.

Ga yadda labarin yake. Wata ƙungiya mai dukiya ta shirya aika jiragen sama jannati neman waɗansu duniyoyi da 'yan Adam za su zauna, domin mutane sun yi wa duniya yawa. Masanan ƙungiyar suka gano cewa akwai tagwayen da ke iya magana zuci da zuci, ba baki, ba waya, kuma maganar tasu ba ta san nisa ba, nan take take isa. Sai aka riƙa raba tagwaye, ɗaya ya shiga jirgi, ɗaya ya zauna gida, su zama su ne wayar iska tsakanin jirgi da duniya. Cikinsu akwai Tom da Pat, samari biyu masu kama ɗaya. Pat ne mai bakin tsiya, kullum shi ke samun abin da yake so, shi kuma aka zaɓa ya tafi, sai ya yi haɗari ya ji ciwo, tafiya ta faɗa kan Tom. Jirgi ya tashi, ya yi ta ƙara gudu har ya kusa kamo gudun haske. Daga nan sai lokacin jirgi ya rabu da lokacin duniya. Tom na jin ɗan'uwansa yana zuba magana da sauri kamar ana korarsa, Pat kuwa yana jin Tom yana jan kalma kamar mai gyangyaɗi. Kafin Tom ya yi 'yan shekaru kaɗan cikin jirgi, Pat ya yi aure, ya haihu, ya tsufa, zumuncin zucin da ke tsakaninsu ya dushe, har Tom ya koma yin magana da 'yar Pat, daga baya da jikarsa, daga baya da tattaɓa-kunnensa. Ran da ya komo gida yana saurayi, ya iske tagwaininsa tsoho tukuf.

Abin mamaki iri biyu ne cikin wannan labari, ya kamata kuma a rarrabe su. Na ɗaya, wai tagwaye biyu da aka haifa rana ɗaya su zama ɗaya saurayi ɗaya tsoho. Na biyu, wai tagwaye su san abin da ke zuciyar juna daga nesa. In aka tambayi mutum goma a kasuwa wanne ne mai yiwuwa, galibinsu na biyun za su zaɓa, domin kusan kowa ya taɓa jin labarin uwar da gabanta ya faɗi a daidai lokacin da wani abu ya sami ɗanta a wani gari. Na farkon kuwa sai su ce tatsuniya ce. Alhali kuwa na farkon ne masana suka gwada suka tabbatar, na biyun shi ne aka yi fiye da shekara ɗari ana nema ba a kama ba.

Albert Einstein ne ya nuna a 1905 cewa agogon da ke tafiya da gudu yana jinkiri in an gwada shi da wanda aka bari a gida. Ba lalacewa agogon ya yi ba, lokacin ne kansa ke tafiya a hankali, har bugun zuciyar matafiyi da furfurarsa duk su bi wannan lissafi. In jirgi ya kai kashi 87 cikin ɗari na gudun haske, shekara ɗaya cikinsa daidai take da shekara biyu a duniya. In ya kai kashi 99, shekara ɗaya ta zama bakwai. A watan Oktoba na 1971 waɗansu masana biyu na Amurka, Hafele da Keating, suka ɗauki agoguna huɗu masu tsananin daidaito, suka shiga da su jirgin sama na fasinja, suka kewaye duniya ta gabas, sa'an nan suka sake kewaye ta ta yamma. Da suka komo suka gwada su da waɗanda aka bari a ƙasa, sai ga bambanci, ɗan mitsitsi ƙwarai, amma daidai da abin da lissafi ya faɗa tun da fari. Har tagwaye na gaskiya an samu. Scott Kelly ya yi kwana 340 a tashar sararin samaniya daga Maris na 2015 zuwa Maris na 2016, tagwaininsa Mark yana ƙasa. Sai dai gudun tashar, ko da yake ya kai kilomita 28,000 cikin awa, tafiyar hawainiya ce in an gwada da haske, don haka abin da Scott ya rage na tsufa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba.

Maganar zuci da zuci kuwa tarihinta ya fi tsawo, ya kuma fi ban tausayi. Sunan da Turawa ke kiranta da shi, telifati, wani Bature ne na Ingila, Frederic Myers, ya ƙago shi a 1882, shekarar da shi da abokansa suka kafa ƙungiyar binciken irin waɗannan al'amura a Landan. Amma wanda ya shigar da ita ɗakin gwaji sosai shi ne J. B. Rhine na Jami'ar Duke a Amurka, wanda asalin karatunsa ilmin tsire-tsire ne. Shi da abokin aikinsa Karl Zener suka shirya karta 25, masu zane iri biyar: da'ira, da gicciye, da layuka uku masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa, da murabba'i, da tauraro. Mutum ɗaya ya dubi karta, wani ya canka abin da ke jikinta ba tare da ya gani ba. Lissafin mai sauƙi ne. Tun da zane biyar ne, wanda ke kintace kawai zai dace wajen sau 5 cikin 25. In aka sami wanda kullum yake wuce haka da nisa, to, akwai magana. A 1934 Rhine ya buga littafi ya ce ya sami irin waɗannan mutane, labari ya bazu cikin jaridu, har aka riƙa sayar da kartar a kantuna.

Sai dai ƙa'idar kimiyya ita ce, abin da wani ya gani a ɗakinsa, tilas wani ma ya iya ganinsa a nasa ɗaki in ya bi hanya ɗaya. A 1936 wani masani a Jami'ar Princeton, W. S. Cox, ya gwada mutum 132, aka yi canki fiye da sau 25,000, bai sami kome ba sai abin da dace kaɗai ke bayarwa. Waɗansu jami'o'i suka gwada, haka. Da aka bincika sai aka ga ƙofofin kuskure da yawa. Waɗansu kartocin, in haske ya bugi bayansu, ana iya hango inuwar zanen. Mai riƙe da karta yakan nuna alama da fuska ko da numfashi bai sani ba. Mai rubuta sakamako, in zuciyarsa na son abin ya tabbata, hannunsa yakan karkata. Duk sa'ad da aka toshe ɗaya daga cikin ƙofofin nan, sai yawan dacewar ya ragu, har ya komo kusa da biyar ɗin nan. A Ingila kuma abin ya fi muni. Wani malamin lissafi, S. G. Soal, ya yi gwaje-gwaje tsakanin 1941 da 1943 waɗanda aka daɗe ana kafa hujja da su, sai a 1978, bayan mutuwarsa, wata masaniya, Betty Markwick, ta bi jerin lambobinsa da kwamfuta ta nuna an yi musu coge. A 1988 majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta duba aikin shekara 130 a wannan fanni, ta ce ba ta ga hujja ba. Tagwaye su ma an gwada su. Susan Blackmore ta Ingila ta iske cewa in an bar tagwaye su zaɓi abin da za su zana ko lambar da za su tuna, sau da yawa zaɓinsu yakan zo ɗaya, domin halittarsu ɗaya, renonsu ɗaya. Amma in ƙuri'a ce ta zaɓa wa ɗayan abin da zai aika, ɗan'uwan ba ya fin bare dacewa.

Akwai wanda ya fita neman wannan abu ya komo da wani abin da ya fi shi amfani. Hans Berger, Bajamushe, yana saurayi cikin sojan doki, dokinsa ya kā da shi gaban keken igwa, saura ƙiris a take shi. A ran nan 'yar'uwarsa da ke can gida, hankalinta ya tashi har ta matsa wa mahaifinsu ya buga masa waya. Berger ya gaskata tsoronsa ne ya isa gare ta, ya koma karatun likita, ya yi shekaru yana neman ƙarfin da ke fita daga ƙwaƙwalwa. A 1924, a birnin Jena, ya zama na farko da ya auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutum, ya bayyana aikin a 1929. Na'urar da ta samo asali daga nan ita ce likitoci ke binciken farfaɗiya da ita har yau. Amma ita ce kuma ta nuna raunin zancen, domin batirin tocila ɗaya ya fi lantarkin da ake aunawa a fatar kai ƙarfi fiye da sau dubu goma, har sai an manna waya a kan mutum kafin a ji shi. Abin da bai iya ƙetare ɗaki ba, ina zai kai wani gari? Batun faɗuwar gaba kuwa, masana sun lura cewa mutum gabansa yakan faɗi sau ɗari ba abin da ya faru, ya manta, sai guda ɗayan da ya zo daidai ita zai riƙe, ya yi ta ba da labarinta har tsufansa.

To, me ya sa littattafan shekarun 1950 suka cika da masu karanta zuci? Babban dalili mutum ɗaya ne, John W. Campbell, editan mujallar Astounding Science Fiction, wanda ya yi karatu a Jami'ar Duke ɗin nan ta Rhine, ya kuma gaskata abin ƙwarai. Marubuci kuwa abin da edita ke saye shi yake rubutawa. Ko a waɗansu mujallun ma haka iska ke kaɗawa: littafin da ya fara cin kyautar Hugo a 1953, The Demolished Man na Alfred Bester, labarin attajiri ne da ke son yin kisan kai a zamanin da 'yan sanda ke karanta zuci. Zancen ya bi mutane har sama. A Fabrairu na 1971 Edgar Mitchell, ɗaya daga cikin 'yan sama jannatin Apollo 14, ya yi gwajin zanen nan biyar a ɓoye cikin kumbo a hanyar wata, yana ƙoƙarin aika su ga waɗansu mutane a ƙasa, bai gaya wa shugabanninsa ba. Abin da ya fito bai gamsar da masana ba. Sa'an nan akwai wata matsala da ta fi duka: bisa lissafin Einstein ɗin nan da ya tsufar da Pat, saƙon da zai isa nan take daga jirgi mai irin wannan gudu, a wurin waɗansu masu kallo zai isa tun ba a aika shi ba. Watau rabin littafin Heinlein yana ƙaryata ɗaya rabin. Shi kansa ya san da haka, shi ya sa ya sa masanan cikin jirgin suna ta gardama a kai.

Daga kartar gwaji sai kartar duba. Tarot wata irin karta ce mai ganye 78, guda 56 sun kasu gida huɗu kamar kartar da aka sani, guda 22 kuwa hotuna ne, irin su Rana, da Wata, da Mutuwa, da Wawa. A arewacin Italiya aka fara yin ta wajen 1440, domin wasa kawai a gidajen sarakunan Milan da Ferrara, ta kuma yi fiye da shekara ɗari uku ba wanda ya ce tana da asiri. A 1781 ne wani malami a Faransa, Court de Gébelin, ya ce wai hikimar Fir'aunonin Masar ce aka ɓoye cikin hotuna. Ya faɗi haka ne shekara arba'in kafin Champollion ya gano yadda ake karanta rubutun Masar na dā a 1822, da aka karanta kuwa ba a sami kome game da tarot ba. Abin dariya shi ne, karta ta yau da kullum lalle ta bi ta Masar kafin ta shiga Turai wajen 1370, amma daga hannun Mamalik, ba Fir'auna ba.

Samuel Delany, baƙar fatan Amurka haifaffen unguwar Harlem, ya yi wata dabara da wannan karta cikin littafinsa Nova na 1968, lokacin yana da shekara 26. Labarin wani kyaftin ne, Lorq Von Ray, wanda ya ɗebi ma'aikata zai kutsa da jirginsa cikin tauraro mai fashewa don ya kwaso wani ma'adini mai tsada. A zamanin labarin, fiye da shekara dubu nan gaba, masu ilmi duka sun yarda da tarot, wanda ya ƙi yarda shi ake wa kallon baƙauye. Mai ƙin yardar kuwa wani yaro ne makaɗi, ɗan ƙabilar Roma masu yawo, mutanen da Turawa suka daɗe suna jingina wa duba. Delany ya juya riga ne don mai karatu ya ga cewa abin da jama'a ke kira wayewa sau da yawa abin da manya suka yarda da shi ne kurum. Shi kansa ya ɗanɗana haka, domin ya ba da labari cewa Campbell ya ƙi buga littafin a mujallarsa, wai masu karatu ba za su karɓi jarumi baƙar fata ba. Editan da ya buɗe ƙofa ga masu karanta zuci ya rufe ta ga wannan.

Dalilin da ya sa duban karta yakan zama kamar ya faɗi gaskiya, wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam, Bertram Forer, ya nuna shi a 1948. Ya yi wa ɗalibansa 39 tambayoyi, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda wai bayanin halinsa ne shi kaɗai, ya ce kowa ya ba takardar maki daga sifiri zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai 4.3. Sa'an nan ya bayyana musu takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, ya tsinto maganganun daga wani ɗan littafin taurari na bakin titi. Maganganu ne masu harshen damo, irin a ce mutum yana son a so shi, wani lokaci kuma yana shakkar shawarar da ya yanke. Wa wannan bai dace da shi ba? Hoto kamar na Mutuwa ko na Wata ya fi haka faɗi, mai neman duba shi ke cika shi da damuwarsa, ya tashi yana cewa an faɗa masa abin da ke ransa.

In aka ɗebe karta da karanta zuci, abin da ya rage cikin littattafan nan shi ne yaro da ya bar gida ya zama mutum inda ba uwa ba uba. Nan ne ƙarfinsu yake. Tom bai san kansa ba sai da ya rabu da inuwar Pat, har likitan jirgi ya sa ya gane cewa ɗan'uwan nan da yake cewa yana ƙauna, ya daɗe yana jin haushinsa. A cikin Rite of Passage na Alexei Panshin, wanda ya fito a 1968 ya ci kyautar Nebula, yarinya ce, Mia, ta tashi cikin wani ƙaton jirgi inda al'ada ta ce duk wanda ya cika shekara 14 sai a sauke shi a wata baƙuwar duniya ya yi kwana 30, in ya rayu ya zama babba. Mia ta sauka tana raina mutanen ƙasa kamar yadda aka koya mata, wani tsoho daga cikinsu ya cece ta, ta komo ta iske mutanen jirgi, har da mahaifinta, suna jefa ƙuri'ar hallaka duniyar nan baki ɗaya. Ta ƙi, amma aka rinjaye ta.

A zahiri kuwa, har yanzu ba a taɓa haihuwa ko renon yaro a sararin samaniya ba. Manyan da ke zuwa ma jikinsu na shan wuya, domin inda ba nauyi ƙasusuwan ƙugu da na ƙafa sukan rasa kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin ɗari na ƙarfinsu kowane wata, shi ya sa mazauna tashar sama ke motsa jiki wajen awa biyu kullum. Wanda ya fi kowa daɗewa a tafiya guda shi ne Valeri Polyakov, likita ɗan Rasha, da ya yi kwana 437 a tashar Mir daga 1994 zuwa 1995. Mafi ƙuruciya cikin waɗanda suka kewaye duniya kuwa shi ne Gherman Titov, wanda ya tashi cikin kumbon Vostok 2 a watan Agusta na 1961 yana da shekara 25. Ya yi kwana ɗaya cur yana kewayawa, shi ne mutum na farko da ya yi barci a can, shi ne kuma na farko da jiri da tashin zuciya suka kama.